Baƙin Bishara a Ƙasar Auduga: Rayuwar Matasan 'Yan Mishan Tsakanin Funtuwa da Malumfashi

Kalmar mishan, wadda Hausa ta ara daga Turanci tun farkon mulkin mallaka, tana nufin ƙungiyar da mabiya addinin Kirista kan kafa domin aika masu wa'azi zuwa ƙasar da ba tasu ba, wanda aka aika kuwa shi ne ɗan mishan, ko da yake a bakin Kiristocin Hausa an fi jin mai bishara, wato mai kai kyakkyawan labari. A kudancin Katsina, cikin shimfiɗar noman nan da ta tashi daga Funtuwa ta ratsa Bakori da Ɗanja da Ƙafur har ta kai Malumfashi, irin waɗannan baƙi sun yi zama na kimanin shekara arba'in a tsakiyar ƙarni na 20, akasarinsu samari da 'yan mata da ba su daɗe da barin makaranta ba, waɗanda suka fito daga Amurka da Kanada da Birtaniya. Abin da aka fi rubutawa a kansu ya kasu biyu, ko dai yabo daga majami'un da suka aiko su, ko zargi daga masu ganin su 'yan rakiyar mulkin mallaka ne, alhali ba a cika tsayawa kan tambayar da ta fi sauƙi ba, wato yadda suke wuni da yadda suke kwana. Wanda ya bi diddigin wannan tambaya zai tarar mutumin da ya ƙetaro teku domin ya koyar ya ƙare yawancin kwanakinsa yana koyo, kuma damina da ranar kasuwa da malamin da ke koya masa Hausa sun fi hedkwatar da ta aiko shi iko da lokacinsa.

Mishan bai samu shiga ƙasar Katsina da wuri ba. A 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Rowland Bingham da Thomas Kent, suka sauka a Legas da niyyar kutsawa cikin yankin da Turawa ke kira Sudan a wancan zamani, wato ƙasashen da ke shimfiɗe kudu da Sahara, amma kafin 1894 ta ƙare cuta ta kashe biyu daga cikinsu, Bingham kaɗai ya koma gida. Ƙungiyar da ta tsiro daga wannan yunƙuri, Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM, ba ta kafa tasharta ta farko ba sai a 1902 a Patigi ta ƙasar Nufe. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, shugabansu Lugard ya yi alƙawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba, jami'an da suka biyo bayansa kuwa suka riƙe wannan alƙawari hujjar hana mishan zama a masarautun Musulmi, in ban da 'yan wurare irin Zariya, inda Dokta Walter Miller na wata ƙungiyar mishan mai suna CMS ya zauna cikin birni kafin a mayar da aikinsu Wusasa. Kuturta ce ta buɗe ƙofar da wa'azi ya kasa buɗewa, domin wajen 1937 aka danƙa wa SIM kula da zangunan kutare na Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato da Babbar Ruga a Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, daga nan ne kuma ƙananan tashoshi suka bazu cikin karkara, har da ta Malumfashi.

Abu biyu ne suka jawo hankalin mishan zuwa kudancin Katsina. Na farko shi ne Maguzawa, wato Hausawan da ba su karɓi Musulunci ba, suka ci gaba da addinin gargajiya na bautar iskoki, suna zaune ƙarƙashin sarakunan Musulmi, a da ma suna biyan jizya, kuma masana da dama na ganin sunan nasu ya samo asali ne daga kalmar Majusu ta Larabci. Ba a cikin gari mai ganuwa suke zama ba, sai a manyan gidaje warwatse cikin gonaki, kowane gida da sunan mai shi, ga 'ya'ya ga jikoki ga matan 'ya'ya, har gida ɗaya kan ɗauki mutum gommai, kamar yadda masanin tarihi Murray Last ya bayyana bayan zaman da ya yi a wani gidan Maguzawa kusa da Malumfashi wajen 1970. Na biyu shi ne layin dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, wanda ya mai da Funtuwa cibiyar cinikin auduga da gurzarta, ya kuma kawo akawu da direbobi da masu sana'a daga kudancin ƙasa, yawancinsu Kiristoci. Saboda haka ɗan mishan kan tarar da jama'a iri biyu da ba abin da ya haɗa su, 'yan kudu masu jin Turanci a gefen tasha, da manoman karkara waɗanda ba sa jin komai sai Hausa, Hausar ma irin wadda ba a rubuta a littafi ba.

Saurayi ko budurwar da SIM ke aikowa yawanci ba 'ya'yan masu hali ba ne, kuma da yawa sun fito ne daga makarantun koyon Littafi Mai Tsarki irin su Moody da ke Chicago da Prairie da ke lardin Alberta na Kanada, wasu da takardar aikin jinya a hannu, wasu da ta koyarwa ko ta kafinta. Ƙungiyar tana cikin waɗanda ke kiran kansu mishan na bangaskiya, ma'ana ba ta yi wa kowa alƙawarin albashi tsayayye, sai dai a tara abin da majami'u da ɗaiɗaikun mutane suka bayar a raba, in ya yi auki a samu, in ya gaza a yi haƙuri. Wannan ne ya sa rubuta wasiƙa ya zama wani ɓangare na aikin kansa, domin kowane ɗan mishan yana da jerin mutanen da yake aika wa labarin aikinsa lokaci lokaci, yana neman addu'arsu, su kuma sun san addu'ar tana tafiya da gudummawa. Illar wannan tsari a fili take ga mai karanta irin waɗannan wasiƙu a yau, domin marubucin da abincinsa ya rataya ga tausayin mai karatu yakan ƙara wa duhun ƙasar da yake bayani gishiri, ya kuma rage ambaton mutanen da suka ɗauke shi kamar ɗa. Tafiyar kanta kan ci makonni, jirgin ruwa zuwa Legas, jirgin ƙasa zuwa Arewa, sannan a zauna kimanin shekara huɗu kafin a sake ganin gida.

Aikin farko, kuma wanda ya fi kowanne karya girman kai, shi ne koyon harshe. Akwai kayan aiki a ƙasa, domin an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, babban ƙamus na Bargery, wanda shi ma da aikin mishan ya fara zuwa Arewa, ya fito a 1934, amma littafi ba ya koya wa kunne abin da Bahaushe ya tashi da shi tun yana goye. Hausa harshe ne mai karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan gaɓa na iya sauya ma'ana, haka ma tsawon wasali, ga kuma baƙaƙe masu lanƙwasa da babu irinsu a Turanci. Baƙon da bai bambance kukan yaro da kukar miya ba, ko garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, ko gadon kwanciya da gadon da ake rabawa bayan mutuwa, ko kafa da ƙafa, zai tsaya gaban dattawa da fuskar wa'azi ya faɗi abin da zai sa yara su ruga bayan rumbu su ƙyalƙyale da dariya. Saboda haka kowace safiya sai ya zauna da malamin Hausa, wanda sau da yawa Musulmi ne, yana maimaita jimla ɗaya har sai malamin ya gyaɗa kai, kuma akwai jarrabawar harshe da ƙungiyar ke yi wa sababbin zuwa kafin a sakar musu aiki sosai. Gaisuwa kaɗai darasi ce ta makonni, domin mutumin da ya saba da kalma ɗaya ya wuce sai ya koyi tambayar kwana da gajiya da iyali da aiki, ya koyi cewa in an tambaye shi ruwa da damina amsar ita ce ruwa ya yi gyara, ko da kuwa daren jiya ruwan ya rushe masa katanga.

Bayan wahalar furuci akwai wata da ta fi ta zurfi, wato cewa duk kalmar da mai bishara zai ɗauka domin maganar addini ya tarar Musulunci ya riga shi zama a cikinta. Allah da annabi da mala'ika da zunubi da tuba da addu'a da aljanna duk sun shigo Hausa ta hannun malaman Musulunci tun ƙarnoni kafin zuwansa, har Bamaguje ma da su yake magana. Masu fassara sun riƙe sunan Allah, suka zaɓi Yesu maimakon Isa, fassarar 1979 kuma ta yi amfani da Almasihu, amma lafazin Ɗan Allah ya ci gaba da zama wurin da hira ke tsinkewa tsakanin ɗan mishan da maƙwabcinsa Musulmi, komai kyawun zamansu. Da yawa daga cikin matasan nan sun iso ba su san komai game da Musulunci ba sai abin da aka faɗa musu a gida, a nan ne suka fara gane cewa mutumin da ke koya musu jam'i da tilo ya san Annabi Isa da Maryam da Linjila, yana kuma da amsarsa a shirye.

Tashar mishan yawanci a bayan gari take, a filin da hakimi ya nuna da yardar Sarki da Razdan, a Malumfashi kuwa hakimin shi ne Galadiman Katsina, kamar yadda Sarkin Maska yake a Funtuwa. Sharuɗɗan zaman sun haɗa da barin wa'azi a kasuwa da kusa da masallaci, da barin koyar da yaran Musulmi addini ba da yardar iyayensu ba. Rana kan fara tun da asuba da karatu da addu'a a hasken fitilar kananzir, a daidai lokacin da ladan ke kiran salla daga cikin gari, sannan a haɗiyi maganin zazzaɓin cizon sauro, kwinin a farkon zamani, ƙwayoyin da suka gaje shi daga baya, a tabbatar an tafasa ruwan sha an tace, a zazzage takalmi saboda kunama. Kafin hantsi ya dubi ludayi jama'a sun taru a gindin bishiyar da ke gaban ɗakin shan magani.

A wannan ɗaki ne mutanen yankin suka fi sanin ɗan mishan, shi ya sa ko wanda bai taɓa shiga makarantar likita ba sunansa likita. Ga mai gyambo a ƙwauri ya ɗaure shi da ganye da tsumma, ga uwa da yaro mai ƙyanda ko zawo, ga mai ƙazuwa, ga mai ciwon ido da jagoransa, ga wanda maciji ya sara an ɗauko shi a kan jaki. Za a fara da ɗan gajeren karatu da wa'azi da bakin wani mataimaki ɗan ƙasa, masu jira su saurara ko su yi kamar suna saurare, sannan a karɓi kati da 'yan kwabbai, a wanke gyambo, a shafa aidin ko maganin nan mai launin shuni da ake kira jibi, a naɗe da bandeji. Da damina kurkunu ke kwantar da majiya ƙarfi daidai lokacin da gona ke neman su, kuma ba shi da wani magani sai a kama kan tsutsar a naɗe a tsinke, a riƙa jawowa kaɗan kaɗan kullum har kwanaki, domin in ta tsinke ƙafar ta rube. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu fanisilin ya iso, ya warkar da cututtukan da aka ɗauka ba sa jin magani, daga nan allura ta samu martabar da har yau ba ta rasa ba a karkara, ta yadda wanda aka sallama da ƙwaya kan tafi yana ganin an raina ciwonsa. Kutare ma sun ga sauyi, domin a da allurar wani mai da ake samu daga itacen Indiya ake yi musu, mai zafi da ƙarancin amfani, sai wajen 1950 ƙwayar dafson ta ba da damar mutum ya zauna a gidansa yana zuwa karɓa. Haɗa wa'azi da magani shi ne abin da Musulmin yankin suka fi ƙorafi a kai, kuma ƙorafin yana da tushe, domin mai ciwo ba ya cikin halin da zai ce a'a, sai dai kuma gaskiya ne cewa akasarin waɗanda suka sha maganin sun koma gida da addininsu yadda suka zo da shi.

Sauran aikin kuwa kalandar noma ce ke yanka masa lokaci. Yankin Funtuwa na samun ruwan sama kusan milimita 1000 a shekara, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kuma daga ranar da aka yi ruwan shuka har a gama noman firi da maimai da ban ƙasa, ba wanda ke da lokacin baƙo, mata da maza duk suna gona, domin matan Maguzawa ba sa kulle, suna da gayaunarsu, wato 'yar gonar da mutum ke nomawa don kansa ban da gandun gida. Hanyoyi kan yanke, rafuka su cika, laka ta riƙe keke. Sai an girbe dawa an tsinci auduga an kai ta wurin awo, kuɗi ya shiga hannu, bukukuwa sun kankama, sannan ɗan mishan ke ɗaure gadon tafi-da-gidanka da gidan sauro a bayan keke ko babur ya fita rangadi, ya kwana nan ya kwana can cikin ƙurar hunturu, yana sauri kafin zafin bazara ya sauko da sanƙarau.

Isarsa gidan Maguzawa da yamma yana da ƙa'idarsa. Ba ya shiga sai ya yi sallama an kai shi wurin mai gida, a shimfiɗa masa tabarma, wata yarinya ta durƙusa ta miƙa masa ruwa a ƙwarya, a nan kuma dokar hedkwata da dokar gida ke karo, domin an gargaɗe shi kada ya sha ruwan da ba a tafasa ba, ga shi kuma ƙin ruwan baƙo cin fuska ne. Waɗanda suka daɗe sun koyi kai ƙwarya baki su kurɓa kaɗan su yi godiya, su bar sauran ga Allah da maganin tsutsar ciki. Bayan tuwo, in wata ya fito, sai a ɗauko garmaho a wana shi da hannu, faifai ya yi magana da Hausa, yara su kewaye suna leƙen inda mutumin ya ɓuya, ko a nuna hotuna da majigi a jikin farin zane. Tambayoyin da ke biyo baya ba su cika zama irin waɗanda aka shirya shi dominsu a makaranta ba. Dattawa na son su ji ko mai bin wannan hanya zai bar giya, alhali giyar dawa ce ke tara gayya, da ita ake biki da makoki. Ko zai saki matansa ya bar ɗaya, to sauran su tafi ina da 'ya'yansu. Ko zai ƙi cin naman da aka yanka wa iskokin gida kafin shuka, in kuma ya ƙi, wa zai ɗauki alhakin abin da ya samu gandu. SIM ta tsananta kan giya da taba da auren mace fiye da ɗaya, ta sa su cikin sharuɗɗan baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, saboda haka dattawa kan saurara da ladabi su sallami baƙo da kaza, samari ne ke biyo shi a baya. Abin da ke jawo samarin kuwa sau da yawa boko ne, domin wanda ya iya karatu yana iya duba takardar haraji da lambar da ke jikin sikelin auduga da idonsa, ba sai abin da malamin awo ya faɗa ba.

Mata sun fi maza yawa a wannan aiki, da yawansu kuma ba su da aure, abin da ya ɗaure wa jama'a kai ƙwarai a ƙasar da ba a san baligar mace zaune ba miji ba. Duk da haka su ne suka shiga inda namiji ba ya shiga, wato cikin gidajen kulle na Musulmi, inda ake kiransu karɓar haihuwar da ta gagari ungozoma. Sun yi ta jayayya da al'adar wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da shan kunun kanwa, wadda likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka danganta daga baya da ciwon zuciyar da ke kama masu jego a wannan yanki, amma ba su cika yin nasara a kan kakanni ba. Jariran da uwayensu suka rasu wurin haihuwa akan kawo su tasha, waɗansu su tashi a hannun mishan su zama Kiristoci, lamarin da ya samar wa majami'a ma'aikatanta na farko, ya kuma samar mata zargin da ya daɗe bai gushe ba.

Katolika sun iso a makare, da wani salo dabam. A 1953 fadar Paparoma ta ware lardunan Sakkwato da Katsina ta danƙa su ga 'yan Dominikan na Chicago, wata ƙungiyar limamai mai kama da ɗariƙa, wadda aka kafa tun 1216, masu sanye da farar riga har ƙasa, ƙarƙashin Edward Lawton, wanda ya zama bishop a 1964 ya rasu a 1966, a 1956 kuma 'yan'uwansu mata daga Great Bend ta jihar Kansas suka sauka a Gusau. Ranar matashin fada, kamar yadda ake kiran limamin Katolika, tana tafiya ne bisa addu'o'i masu ƙayyadaddun lokuta, abin da bai zama baƙo ga maƙwabta masu salla biyar ba, kuma da Latin yake jagorantar ibada har sai da babban taron Vatican na 1962 zuwa 1965 ya ba da damar yin ta da harshen jama'a. Rashin aurensa ya fi komai ba mutane mamaki, sassaucinsa kan giya kuma ya sa wasu Maguzawa sun fi sakin jiki da shi. Da farko jama'arsa 'yan kudu ne mazauna garuruwan layin dogo, amma kashe-kashen 1966, waɗanda Funtuwa na cikin garuruwan da suka shafa, sun watse da su cikin 'yan makonni, sai limaman suka juya ga karkara gadan-gadan, Malumfashi kuma ta zama wurin horar da katikis, wato malamin da ke koyar da addini ya kuma jagoranci addu'a a ƙauyen da fada ba ya zuwa sai jefi-jefi. Cikin matasan da suka zo a wancan lokaci akwai Joseph Kenny, wanda ya iso Nijeriya a 1964, zaman Arewa ya tura shi koyon Larabci, har ya yi digirin digirgir a Edinburgh kan tauhidin Shehu Muhammad bin Yusuf as-Sanusi, wanda littattafansa ke cikin abin da ake karantawa a zaurukan malaman Hausa, ya kuma shafe shekaru yana koyar da ilimin addinin Musulunci a Jami'ar Ibadan kafin rasuwarsa a 2013. Irinsa ba su da yawa.

Kaɗaici da cuta su ne abokan zaman da ba a cika sa su cikin wasiƙa ba. Amsar takarda kan ɗauki makonni, labarin rasuwar uwa ko uba kan iso bayan an daɗe da binnewa, hutu kuwa sai a Miango kusa da Jos, inda SIM ke da masauki da makarantar kwana ta Kent Academy, wadda ma'aurata ke kai 'ya'yansu tun suna ƙanana su koma tasha ba su. Haɗarin aikin jinya ya fito fili a 1969 da 1970, lokacin da zazzaɓin Lassa, wanda a sannan aka fara gano shi, ya kashe ma'aikatan mishan, ciki har da Dokta Jeanette Troup ta asibitin SIM na Jos. Amma duk wannan wahala ba ta shafe wata gaskiya ba, wato cewa talaucin ɗan mishan wadata ce a idon maƙwabcinsa, domin yana da rufin kwano da kuku da mai ɗebo ruwa, in ciwo ya yi tsanani akwai motar da za ta ɗauke shi, in ƙasa ta rikice akwai fasfo a akwati.

Wanda ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan shi ne mai bishara ɗan ƙasa, kuma a hannunsa yawancin aikin ya gudana. Tun 1948 majami'un da SIM ta kafa suka fara aika nasu masu bishara ta hannun wata ƙungiya da daga baya ta zama EMS, a 1954 kuma majami'un suka haɗu suka zama ƙungiya guda mai suna ECWA. Samari daga Kagoro da ƙasar Tangale da sauran sassan tsakiyar Nijeriya suka riƙa zuwa ƙauyukan Katsina da Kano da matansu, su ma baƙi ne, Hausar tasu ma ta koyo ce, sai dai sun san fartanya, sukan roƙi gona su noma abin da za su ci, su koyar da karatu da dare, su kwana a irin ɗakin da kowa ke kwana. Bature kan zo ya duba ya rubuta rahoto, su ne ke nan ranar suna da ranar makoki. A ɗaya gefen kuma Musulmi ba su naɗe hannu ba, domin an kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, Sardauna Ahmadu Bello ya yi rangadin musuluntarwa a shekarunsa na ƙarshe, masu wa'azin Izala suka biyo baya daga 1978, ga kuma auratayya da kasuwa da zaman gari da suka daɗe suna jan Maguzawa zuwa Musulunci ba tare da wani shiri ba. Cikin 'yan shekaru gidajen da suka riƙe addinin iskoki ɗaruruwan shekaru suka rabu, da yawa suka musulunta, wasu suka zama Kiristoci, waɗanda ke kiran kansu Masihiyawa, har akan samu wa da ƙane ɗaya na zuwa masallaci ɗaya na zuwa coci suna noma gandu guda.

Zamanin Turawan mishan ya ja da baya bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sa'ad da gwamnati ta tsaurara ba da izinin shigowa, ta kuma karɓe makarantu da asibitocin mishan cikin shekarun da suka biyo baya. Turawan da aka fi gani a yankin a lokacin ma'aikatan shirin bunƙasa noma na Funtuwa ne, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, da masu binciken cututtuka na Malumfashi da suka yi aiki kan tsargiya da saran maciji. Rikicin da ya tashi a Kafanchan a watan Maris na 1987 ya fantsamo har Funtuwa aka ƙona majami'u, watanni kaɗan kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina. Yanzu akalar ta juya, domin ƙungiyar mishan ta Saint Paul, wadda Cardinal Dominic Ekandem ya kafa a 1977, tana horar da limamai 'yan Nijeriya a Gwagwalada tana aika su Amurka da Turai, inda su ma ke fama da sanyi da abinci da karin harshen da ba nasu ba. A watan Oktoba na 2023 Paparoma Francis ya yanke Katsina daga Sakkwato ya mai da ita dayosis mai zaman kanta, wato yankin da bishop guda ke shugabanta, ya naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan yankin Malumfashi, bishop ɗinta na farko.

Matashin da ake turowa ƙauyukan Ƙafur ko Malumfashi a yau, fasto ne ko fada ko katikis, ɗan Nijeriya ne, yana da babur da wayar hannu, kwinin da fitilar kananzir sun zama labari, amma ya gaji wata fargabar da na farko ba su sani ba. A watan Mayu na 2022 'yan bindiga suka shiga gidan limaman cocin Katolika na Gidan Maikambo a ƙaramar hukumar Ƙafur cikin dare suka tafi da limamai biyu, ba a sako su ba sai bayan kimanin wata guda, kuma irin wannan bala'i bai bar limaman masallaci da manoman Musulmi na Faskari da Ɗandume da Ƙanƙara ba. Saboda haka rangadin kwana ya ragu, ana tambayar labarin hanya ta waya kafin a tayar da babur, ana kuma ƙoƙarin dawowa gida kafin la'asar ta yi sanyi, wanda shi ne daidai lokacin da manoman da aka je nema ke fara dawowa daga gona.